Amsa: Mesar kafet ta ƙi cin abinci

Malam, ka ce 'yar mesar kafet ɗin da ka sayo ta yi mako uku ba ta ci ba. Kafin ka zargi ciwo, duba zafin kejin. Mesar kafet, mai zanen jiki kamar na kafet, macijin Ostireliya da Niyu Gini ne, kuma ba ya narkar da abinci cikin sanyi. Ka tabbata gefe ɗaya na kejin ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Celsius, ɗayan kuma 24 zuwa 26. Kada ka kunna fitilar ɗumama ba tare da na'urar daidaita zafi ba, kuma ka sa wa fitilar ragar ƙarfe, don mesa takan naɗe fitila ta ƙone.

Sa wa mesar reshen hawa da maɓuya biyu, sannan ka daina ɗaukarta sai ta fara ci. Da dare za ka miƙa mata abincinta, wato daskararren ɓera, da dogon hantsaki, ya narke sarai daga ƙanƙara, ya yi ɗumi, domin zafin jiki na taimaka mata wajen gane abinci. Kaurinsa kada ya wuce na tsakiyar jikinta sosai. Idan idanunta sun yi fari-fari, saɓa za ta yi, ƙyale ta.

Amma in tana shaƙar iska baki buɗe, ko majina na fita, likitan dabbobi za ka nufa.