Ta yaya hayaƙin sigari ke komawa ciwon daji?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni dai na daɗe ina shan sigari, kullum ana ce min tana sa kansa, wato ciwon daji, amma ba wanda ya taɓa min bayanin yadda hayaƙin da mutum ya zuƙa ya fesar zai zama ciwo. Kuma ga tsofaffi nan sun sha har tsufa lafiyarsu ƙalau. Nikotin ɗin ne ke yi ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Nikotin ba shi ne babban mai laifin ba, shi dai aikinsa ya kama ka ya hana ka bari. Ɓarnar tana cikin sauran abubuwan da ke biyo shi, don hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa kansa.

To ga yadda abin yake. A cikin kowane sel na jikinka, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina jiki, akwai DNA, ka ɗauke shi kamar dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C, kuma duk lokacin da sel zai rabu biyu sai an kwafe rubutun nan kaf. Ɗauki sinadari ɗaya, benzofayirin, wanda ke fitowa idan ganyen taba ya ƙone. Abin mamakin shi ne yadda ya shigo ɗin nan ba ya iya taɓa DNA. Jikinka ne da kansa, wajen ƙoƙarin narkar da shi ya fitar da shi, yake sa wasu enzayim, wato sinadaran aiki na jiki, su sarrafa shi, a nan ne wani ɓangare ke rikiɗewa ya zama wani sinadari mai suna BPDE, shi kuma wannan sai ya je ya manne wa harafin G gam. Idan aka zo kwafi ba a gyara wurin ba, sai a karanta shi ba daidai ba, inda G yake T ta maye gurbinsa, kuma shi ke nan duk sel ɗin da zai fito daga wannan da kuskuren zai fito. Haka wani sinadarin mai suna NNK ma, wanda ke samuwa daga nikotin tun lokacin da ake busar da ganyen, sai jiki ya sarrafa shi yake zama mugu.

Jiki na da masu gyara, kuma wallahi suna ƙoƙari, mafi yawan ɓarnar suna cire ta. Matsalar dai aiki ke musu yawa, ga shi a cikin hayaƙin akwai guba irin su kadmiyom da asinik masu rage musu ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa mai shan kwali ɗaya kullum na tara kurakurai kusan 150 a kowane sel na huhu duk shekara, maƙogwaro 97, mafitsara 18. Eh har mafitsara, saboda ta fitsari sinadaran ke fita.

Batun tsofaffin da ka kawo kuwa, ba kowane kuskure ke zama kansa ba, ya danganta da inda ya faɗa. Akwai ƙwayar gado, wato wani sashe na rubutun DNA ɗin, mai suna TP53 wadda ke tsayar da sel ɗin da ya lalace ko ta sa ya mutu, akwai KRAS mai ba da umarnin rabuwa. Idan KRAS ta lalace umarnin ba ya tsayawa, idan TP53 ta lalace ba mai hanawa. A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wuraren da BPDE ya fi mannewa a TP53 su ne dai wuraren da ake samun kuskure a kansar huhun masu shan sigari. Sai irin waɗannan sun taru da dama a sel guda, shi ya sa abin ke ɗaukar shekara 20 ko 30, wani kuma ya tsallake. Amma fa tsofaffin da kake gani su ne suka rage, abokan shansu da suka riga mu gidan gaskiya ba ka ƙirga su ba.

Kuskuren da ya riga ya zauna ba ya gogewa, amma ranar da ka bari, sabon kuskure ya daina ƙaruwa da wannan saurin. Bayan shekara 10 zuwa 15 haɗarin kansar huhu na raguwa da kusan rabi, wanda ya bari kafin ya kai 40 kuma ya kauce wa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin haɗarin mutuwar da taba ke jawowa. Idan kana da tarin da ya wuce sati uku, ko jini a majina, ko muryarka ta dishe ta ƙi dawowa, je asibiti a duba ka tun yanzu.