Tambayi Likita: Allurar Tazara, Maganin Ƙanjamau da Haƙƙin Mace Bayan Janye Tallafin Waje

Tun daga ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90, saƙonnin da ke zuwa wannan fili suka sauya kama. Daga baya aka soke mafi yawan ayyukan USAID, hukumar Amurka mai kula da tallafin ƙasashen waje, aka rufe ta baki ɗaya a ranar 1 ga Yulin shekarar, Birtaniya ma tun a watan Fabrairun shekarar ta sanar da cewa za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta zuwa shekarar 2027. Ga biyar daga cikin tambayoyin da suka iso mini daga cikin garin Jos da kewaye, na kuma sakaya sunayen masu su.

Likita, 'ya'yana huɗu, ƙaramin watansa goma sha ɗaya, ina yin allurar wata uku. Sau biyu ina zuwa asibitin unguwarmu ana cewa babu kaya, yau mako biyu ke nan da wucewar ranar da aka rubuta mini a kati. Ciki zai iya shiga? (Wata uwa daga Anguwan Rogo)

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin har yanzu kina da sauran lokaci. Allurar wata uku ana maimaita ta ne duk bayan mako 13, amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi ta ko da an makara da mako huɗu, ba tare da an buƙaci wata kariya ta daban ba. Ke nan kina da mako biyu a gaba, kuma ina roƙonki kada ki jira su ƙare. Ki fara duba katinki tukuna, saboda idan allurar wata biyu ce ake yi miki, wato Noristerat, rangwamenta mako biyu ne kacal, kin ga kin riga kin kai iyaka. Idan wa'adin ya wuce, sai ku yi amfani da kwaroron roba ko ku ƙaurace wa juna, a tabbatar babu ciki kafin a yi allurar, sannan ku ci gaba da kariyar har kwana bakwai bayan an yi ta.

Kada ki dogara da shayarwa. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗanki ya wuce wannan matakin, kuma a irin wannan lokaci ne mata da yawa suke yin kwanika ba su sani ba.

Idan kin koma, ki tambayi ma'aikaciyar ko akwai Sayana Press, ƙaramar allurar da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya, wadda ake koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida. Amma shawarata ga duk wadda ba ta da niyyar haihuwa nan kusa, musamman a wannan lokaci da kaya suke zuwa suna yankewa, ita ce ta duba hanyoyin da suke daɗewa. Ashanar fata ta Implanon tana aiki shekara 3, ta Jadelle shekara 5, robar mahaifa mai jan ƙarfe kuwa tana kai shekara 10, kuma duk ranar da kika so a cire za a cire, haihuwa ta dawo. Idan dole ta sa kika sayi allurar a kemis, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya ce za ta yi miki.

Akwai abin da nake so ki sani game da wannan "babu kaya" da aka ce miki. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, amma kaso mai yawa na kuɗin sayen su daga masu ba da tallafi yake fitowa, ta hannun asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi ma Amurka ta yanke masa nata kason. A daidai lokacin da ya kamata mu cike giɓin, sai kasafin tarayya na wannan fanni ya faɗo daga kimanin naira biliyan 2.2 a 2024 zuwa kimanin miliyan 66 a 2025. Ma'aikaciyar da ta sallame ki hannu rabbana ba ita ce ta ɓoye allurar ba.

Shekara tara ina shan maganin ƙanjamau. Na ji an ce an daina kawo shi, don haka na fara shan rabin ƙwaya domin ya kai ni. Hakan yana da illa? (Wani magidanci daga Bukuru)

Malam, yana da illa babba, kuma ina roƙonka daga daren yau ka koma shan ƙwaya ɗaya cikakkiya a kan lokacinta. Ƙwayar da galibin masu karɓar magani a Nijeriya suke sha ta haɗa magunguna uku ne, tenofobiya da lamibudin da dolutegrabiya, kuma aikinsu shi ne danne ƙwayar cutar har ta kai awo ba ya iya ganinta a jini. Rabin magani ba ya danne ta, sai dai ya ba ta damar sabawa da shi har ta bijire masa, a nan kuma sai an sauya maka wani layin magani wanda ya fi tsada, ya fi wuyar samu. Idan kuma kana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda biyu daga cikin magungunan nan suke danne shi ma, wasa da su yana iya tayar da hantar ta yi mummunan kumburi.

Gaskiya ne PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau wanda Shugaba George W. Bush ya kafa a 2003, shi ne ƙashin bayan maganin ƙanjamau a ƙasar nan, inda mutane kimanin miliyan biyu suke ɗauke da cutar, kuma dakatarwar ta girgiza shi. Sai dai tun a ƙarshen Janairun 2025 aka cire magungunan ceton rai daga cikin abubuwan da aka dakatar, a watan Fabrairu kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen ƙunshin magani 150,000. Abin da ya fi shan wuya shi ne ayyukan rigakafi da ma'aikatan da suke bin marasa lafiya har gida. Saboda haka ka je cibiyarka mako biyu kafin maganinka ya ƙare, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ka yi da tsawon lokacin da ka ɗauka kana yi, ka nemi a auna yawan ƙwayar cutar a jininka. Kafin sakamakon ya fito, ka yi amfani da kwaroron roba da iyalinka, ita ma ta je gwaji. Mutumin da maganinsa ya danne cutar sarai ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa, amma rabin ƙwayar nan mai yiwuwa ta karya wannan garkuwar.

Tunda Turawa sun janye kuɗinsu, ba alama ce ta cewa tsarin iyali dama shirinsu ba ne na rage mu? Matata ta haihu sau uku cikin shekara huɗu, a ta ƙarshe sai da aka ƙara mata jini leda biyu, yanzu tana son hutu, ni kuma ina ɗari-ɗari. (Wani ɗan kasuwa daga Dilimi)

Alhaji, na ji daɗin yadda ka fito fili da abin da ke ranka, domin maza da yawa suna da wannan shakkar amma ba sa furta ta. Tazara tsakanin haihuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu suna tura mace goyon ciki da wankan jego gidan iyayenta, tana shayarwa har shekara biyu, kuma macen da ta yi kwanika abin magana ce a unguwa, domin sun ga yadda na goye yake ramewa, uwar kuma ta lalace. Malamai da dama, na Musulunci da na Kirista, sun yi bayani a kan ba da tazara saboda lafiyar uwa, kuma ina ba ka shawara ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka kai masa labarin matarka kamar yadda ka kawo mini.

Ta fuskar likitanci kuwa maganar a fili take. Ana so mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, domin jininta ya dawo, mahaifarta ta murmure. Macen da ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa ta fi wadda ba ta taɓa yi ba haɗarin sake yi, kuma zubar jini yana sahun gaba cikin abubuwan da suke kashe masu haihuwa a nan. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Na tsaya a kan gadon matan da jininsu ya ƙare kafin a samo leda ta uku, kuma na ga mazajensu a bakin ƙofa suna cewa da sun sani. Ba na so ka tsaya a wannan wurin.

Game da batun ragewa, binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna kashi 15 cikin ɗari ne kawai na matan aure suke amfani da hanyoyin zamani, yayin da kusan ɗaya cikin biyar take son hutu ko tsayawa amma ba ta samu hanya ba. Matanmu ne suke nema, kuma matarka tana cikinsu. Ku je tare, a auna jininta, a ba ta maganin ƙarin jini, ku zaɓi hanyar da ta dace da jikinta. Jikin nata ne yake ɗaukar nauyin, don haka maganarta ce ya kamata ta fi nauyi a wannan shawara.

'Yata shekararta 11, an ce a yi mata rigakafin sankarar bakin mahaifa, amma maƙwabta sun ce yana hana haihuwa. (Wata uwa daga Rikkos)

Hajiya, ba ya hana haihuwa. Nijeriya ta shigar da wannan rigakafi cikin jadawalinta a Oktoban 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, kyauta ce, kuma tana kare su daga nau'o'in ƙwayar HPV da suke haddasa mafi yawan wannan sankara, wadda ita ce ta biyu wajen kama mata a ƙasar nan bayan ta mama. Ki kai ta. Ke ma, idan kin kai shekara 30, ki nemi a duba miki bakin mahaifa.

Mu ƙungiyar mata ce ta adashi da taimakon juna, mu kusan arba'in. Mun gaji da jin "babu". Me talaka zai iya yi? (Shugabar wata ƙungiya daga Gangare)

Hajiya, za ku iya yin abu mai yawa, kuma wannan tambayar ce ta fi faranta mini rai. Ku fara da sanin abin da doka ta riga ta ba ku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, ana kuma tura wani kaso kai tsaye ga zaɓaɓɓun asibitocin sha-ka-tafi na mazaɓu. Dokar ta kuma hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, kuma mace mai zubar jini ko jijjiga tana cikin wannan hali. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Sannan a Abuja ne, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayyarmu yana yawo ne a wajen kashi 5. Ba na raina dala miliyan 200 da aka ƙara wa kasafin lafiya na 2025 don rage raɗaɗin janyewar Amurka, sai dai ƙari na shekara ɗaya ba ya riƙe asibiti.

Ku sayi littafi ɗaya, ku riƙa rubuta ranar da kowace mace ta je, abin da ta nema, da amsar da aka ba ta, ba tare da sunanta ba. Bayan wata biyu ku kai wa kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin, ku nemi kujera a cikinsa idan babu mace, ku kai kwafi ga hukumar lafiya matakin farko ta Jihar Filato da ɗan majalisar jiharku kafin a fara zaman kasafi. Ku nemi abubuwa da sunansu: allurar tazara da ashana, magungunan tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wato oksitosin da firijin ajiye shi da misofurostol, maganin jijjiga na magnesiyam, da shimfiɗar leda mai auna jinin da mai haihuwa ta zubar. Wannan shimfiɗar tana cikin tsarin da aka gwada a asibitocin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka uku, tare da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, kuma sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna tsarin ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari.

Ku tafi da limamin unguwa da mai unguwa da mazajenku idan za ku kai takardar, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, ku sa ranar dawowa. A cikin adashin kuma ku ware wani ɗan kaso na kuɗin mota da jini don mai naƙudar dare, ku ajiye lambar direba biyu da suka yarda a tashe su, sannan kowace mai ciki a cikinku ta san rukunin jininta tun kafin watanta ya kama.