Na kwafi Ubuntu a VirtualBox, kwafin ya ƙi hawa intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofishin hidimar alhazai a Makka. Muna da Ubuntu Server 22.04 (wani nau'in Linux) a cikin VirtualBox (manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta ta gaske), na kwafe ta don gwaji kafin aikin Hajji ya kankama. Ta asalin lafiya lau, amma kwafin ya ƙi hawa intanet. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu abin da ya lalace. Wajen kwafa, VirtualBox kan ba katin sadarwa sabuwar lambar MAC (lambar shaidar katin), alhali fayilolin da ke ciki tsohon katin suka sani.

Fara da buga ip link, ka rubuta sunan katin da lambarsa. A VirtualBox yawanci enp0s3 ne, lambar kuma tana farawa da 08:00:27. Sai ka buɗe fayil ɗin saitin sadarwa da ke cikin /etc/netplan. In ka ga layin macaddress ɗauke da tsohuwar lamba, sa sabuwar, ka tabbatar sunan katin ya dace, sannan ka buga sudo netplan apply. Kula da tazarar farkon layi, don YAML, tsarin da ake rubuta fayil ɗin da shi, ba ya yafe kuskure a kanta.

Amma abin da na fi zargi daban ne. Ubuntu Server ba da lambar MAC take gabatar da kanta ga DHCP (tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshin IP) ba, da shaidar da take samarwa daga /etc/machine-id ne, kuma kwafin ya gaji wannan fayil yadda yake. In katunan biyu suna kan Bridged (saitin VirtualBox da ke haɗa su kai tsaye da sadarwar ofis), rawutar ofishinku, wato na'urar da ke raba intanet, za ta ɗauke su kwamfuta ɗaya ta ba su adireshin IP guda. Daga nan sai su yi ta ƙwace wa juna hanya, har ta asalin ma ta fara yankewa, abin da ba ka so ana tsakar shigar da bayanan alhazai. A kan kwafin kaɗai, buga sudo truncate -s 0 /etc/machine-id, ka kashe ka kunna. Zai samar da sabuwa da kansa. In da hannu aka sa adireshin, canza shi a netplan.

In kuwa kan NAT suke (saitin da suke fita intanet ta kwamfutar da ke ɗauke da VirtualBox), kada ganin adireshin 10.0.2.15 a duka biyun ya dame ka, haka VirtualBox ke yi.

Za ka ji ana cewa a goge fayil ɗin 70-persistent-net.rules. Maganin tsofaffin nau'ikan Linux ne irin su CentOS 6, inda sunan kati eth0 ke komawa eth1 bayan kwafa. A taka da wuya ma ka tarar da fayil ɗin.