An ga tsutsa a kakin mahaifina, zai tashi kuwa?

Tambaya: Likita, mahaifina ya daɗe yana shan prednisolone saboda ciwon gaɓoɓi. Yanzu yana kwance a asibiti da tari, haki, amai da kumburin ciki, an ce an ga 'ya'yan tsutsa a kakinsa. Ga shi wata biyu da suka wuce ya sha albendazole. Hankalina a tashe yake, me za a yi masa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Abin da kika zayyano ya yi daidai da tsutsar Strongyloides idan ta fantsama a jiki. Tana hayayyafa a cikin mutum ba sai ta fita waje ba, don haka tana iya shekaru tana laɓe a hanji. Da garkuwar jiki ta yi rauni, sai 'ya'yanta su huda hanjin su shiga jini da huhu, suna tafe da ƙwayoyin cutar hanji.

Maganinta ivermectin ne, maikirogiram 200 a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum, ba sha ɗaya ba. Ana ci gaba har sai gwajin bayan gida da na kaki sun yi mako biyu ba a ga komai ba. A haɗa masa da ƙwaƙƙwaran maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, domin gubar jini da sanƙarau su ne ke yawan kashe majinyaci. Idan hanjin ya tsaya, ƙwayar ivermectin ɗin da aka haɗiye ba za ta shiga jiki ba, sai likitoci su nemi wata hanyar ba shi. Wanda ya taɓa zama a yankin da ke da tsutsar ido, Loa loa, a faɗa wa likita tun da wuri, domin ivermectin na iya yi wa mai ita illa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne prednisolone ɗin nan. Kullum sai na gamu da wanda aka ji ƙirjinsa na kuka, wani marar ilimin aikin ya ce asma ce, ya dirka masa dexamethasone, ɗan'uwan prednisolone, wanda shi ma ke raunana garkuwar jiki. Ya ɗan samu sauƙi kwana biyu, sai a ƙara. Wannan fa zuba wa wuta fetur ne, maganin ne ke buɗe wa tsutsar hanya. Sai kuma a ce ai ya sha maganin tsutsa. Albendazole ƙwaya ɗaya ba ta kawar da wannan nau'in! Wasu har kafa hujja suke yi da cewa eosinophil, wani nau'in ƙwayar jini da kan ƙaru idan akwai tsutsa a jiki, bai hau ba, alhali prednisolone ɗin ne ke danne shi. Ku ji tsoron Allah, ku daina ba mutane waɗannan magunguna ba tare da bincike ba.

Amma kada ku tsayar masa da prednisolone da kanku. Wanda ya daɗe a kansa, yankewa lokaci guda na iya faɗar da jininsa, likita ne zai rage a hankali. Ciwon na da haɗari sosai, amma ana tashi idan aka fara magani da wuri. Kada a mayar da shi gida saboda kawai tari ya lafa, kuma ki roƙi a gwada shi HIV da HTLV-1, wata ƙwayar cuta da ita ma ke taɓa garkuwar jiki.