Anti, ɗana yana aji uku amma an ce karatunsa na ɗan aji ɗaya ne

Assalamu alaikum Anti, don Allah a taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa 8, yana aji uku a wata makarantar kuɗi, ƙarshen tam ɗin nan aka yi musu gwajin karatu malamarsu ta kira ni ta ce wai matakinsa na ɗan aji ɗaya ne. Wallahi abin ya ɗaure min kai don a gida yana karanta min littafinsa tsaf, a Islamiyya kuma haddarsa ba laifi. Mun ɗaukar masa malamin lesin kusan shekara guda ba canji, babansa ya ce wasa ne ya yi masa yawa a dinga zane shi. Ya zan yi?
Wata uwa daga Ɗorayi

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana shi. Kafin komai ki lallaɓa Abbansa a ajiye bulalar nan, yaron da yake kawo hadda a Islamiyya ba daƙiƙi ba ne, kuma duka ba zai sa masa abin da ba a koya masa ba, sai dai ya sa da ya ga littafi gabansa ya faɗi.

Wannan karatun da kika ce yana yi miki tsaf a gida, ina kyautata zaton hadda ce. Yaranmu na Kano gwanaye ne a nan, malama ta faɗa aji ya amsa sau biyar, shi ke nan shafin ya zauna a ka, yana bi da yatsa kamar gaske alhali hoton shafin yake kallo ya tuno. Ki gwada yau da daddare. Ki samu takardar da bai taɓa gani ba ki rubuta haruffa guda goma a hargitse, ba a jeren da suke rerawa ba, ki ce ya faɗa. In ya wuce ki ba shi kalmomi kamar gida, tuwo, keke, rago. In ya wuce sai gajerun jimloli guda huɗu, sannan ɗan labari ki tambaye shi me ya faru a ciki. Inda ya tsaya yana kame-kame, nan ne ajinsa na gaskiya kuma daga nan za a fara, ko da rigar 'yan aji uku ce a jikinsa.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba fa. Tsari ne da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, a raba yara bisa abin da suka iya ba bisa aji ba, kuma an yi aiki da shi a nan jiharmu a makarantun Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA na koyar da yara karatu da lissafi. Mu ma kanmu ai mun san abin, a makarantar allo ba a wuce da kai gaba sai ka yi babbaƙu ka yi farfaru, ko gemu ne da kai.

Toh batun malamin lesin, nan ne nake da magana. Yawancinsu aikin gida suke taya yaro, wani ma shi yake rubutawa yaron ya kwafa, a kai makaranta a samu maki goma bisa goma kowa ya yi murna, kuɗi na fita duk wata ramin kuma yana nan yadda yake. Ki zauna da shi ki ce ya bar littafin aji uku tukuna, ya koma kan sautin haruffa da haɗa su. Sauti nake nufi ba suna ba, yaro zai iya rera ei bi si har ƙarshe amma ka nuna masa "b" da "a" ya kasa haɗa su ya ce "ba". In malamin ya ce wai wannan aikin 'yan nazare ne shi ya wuce nan, ki sallame shi cikin mutunci.

Kuma ni shawarata a fara da Hausa, na san wasu iyayen za su ɓata rai don Turanci suka biya kuɗi a koya. Amma duba, rubutun Hausa wasula biyar ne, a e i o u, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, yaro ya kama ba bi bu, ka ki ku, da kansa zai haɗa baki, kuma ya san mene ne baki don yarensa ne. Turanci haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, ga shi bai san ma'anar kalmomin ba, wahala biyu ke nan lokaci guda. In dabarar haɗa sauti ta zauna masa a Hausa ba zai sake koyonta daga farko a Turanci ba, ƙari kawai za a yi.

Minti 15 zuwa 20 kullum ya isa, bayan la'asar ko bayan magariba in ya huta, ba awa biyu ranar Asabar ba. Ki yanka kwalin sabulu ki rubuta gaɓoɓi ya dinga haɗawa, in kuna cikin adaidaita ya karanta miki allunan shaguna, ki karanta masa tatsuniya ke ma yana ganin yatsanki a kan layi. Katun a waya kuwa a rage.

Abu ɗaya da ba na so ki yi wasa da shi, a duba idonsa da kunnensa. Akwai yaran da allo ne ba sa gani daga bayan aji, wasu kuma ciwon kunne ne ya rage musu ji ba wanda ya lura. Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano duk ana dubawa, akwai kuma asibitin ido na ECWA a Sabon Gari. In duka lafiya lau, an yi wata uku zuwa huɗu ana wannan aikin kullum amma har yanzu abin da ya koya jiya yau ya gudu, yana kasa raba kalma zuwa sautukanta, to a nemi masanin ilimin yara masu buƙata ta musamman ya gwada shi, akwai larurar da ake kira disleksiya, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, koyarwa ce take so a hankali da maimaici sosai.

A makaranta za su iya ce miki ya yi ripitin. Ki tambaye su me za a yi masa daban a shekarar, in dai littafin nan ne da salon nan to kar ki yarda, gara a cire shi daga aji rabin awa kullum a yi masa karatu a matakinsa. Ki ajiye takardar gwajin da kika yi yau da kwanan wata a kai, bayan sati shida ki sake yi masa da wasu kalmomin daban, ki rubuto min yadda ake ciki.