Amsar Gwaggo: Rubutunki, Talabijin da Addu'ar Dare

'Yata, saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce wata uwa a Zumuntar Mata ta ja ki gefe ta ce ƙagaggen labari ƙarya ne, bai dace da 'yar ikilisiya ba. Ga kuma babanki yana ta faɗa don lokacin addu'ar dare yakan same ki gaban talabijin, ke kuwa kin ce a nan kike koyon tsara labari. Kina so ki ji yadda aka saba a gidanmu.

Batun ƙarya dai, uwar nan ta faɗa ne da kyakkyawar niyya, amma ba ta yi daidai ba. Kakarki, Allah ya ba ta hutawa, ba ta taɓa fashin sujada ba, ita ce kuma mai yi mana tatsuniya. Bayan an ci tuwo an yi addu'a, sai ta shimfiɗa tabarma, ta rage lagwanin fitila don kada kananzir ya ƙare, ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku." In ta gama ta ce "Ƙurungus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Kin ji? Tun a bakin ƙofa an sanar da ke labari za a shiga, a wajen fita kuma an sallame ki. Maƙaryaci yana so ki ɗauki maganarsa a kan ta faru. Mai tatsuniya ba ya ruɗin kowa.

Buɗe Littafi Mai Tsarki, Sama'ila ta biyu sura 12. Da annabi Natan ya je wurin Sarki Dawuda a kan maganar matar Uriya da ya ƙwace, bai fara da tsawa ba. Labarin matalauci mai 'yar tunkiya guda ya ba shi, wadda attajiri ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Sai da sarki ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan Natan ya ce masa shi ne mutumin. Ubangiji Yesu ma da misalai ya koyar: Basamariye mai tausayi, ɗan da ya ɓatar da gādonsa a Luka 15. Ba wanda ya tambaye shi sunan ƙauyen yaron. Kuma da ba don waɗanda suka zauna suna auna kalma ɗaya ɗaya ba, irin su Dakta Miller na Zariya da abokan aikinsa, da ba mu sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ba. Alƙalami ba baƙo ba ne a majami'a.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne, kada ki mai da kowane labari wa'azi don a yaba miki. Na karanta irinsu: yarinya ta yi laifi a shafi na uku, mota ta buge ta a na biyar. Ba haka Allah yake tafiyar da duniya ba, mai karatu ma ya sani. Rubuta mugu da muguntarsa, rubuta dattijon ikilisiya da rauninsa in labarin ya kai can, amma kada ki ɗauko sirrin wata da kika ji a ɗakin addu'a ki canza mata suna. Wannan ne zunubin marubuci, tsegumi cikin rigar adabi.

Talabijin kuwa, a nan ina bayan babanki, ko da yake ni ma ba tsarkakakkiya ba ce. Lokacin da tashar Jos ta fara nuna hoto mai kala a 1975, gida ɗaya ne ke da akwatin a layinmu, mukan cika tsakar gidan har kan katanga. Na taɓa ƙona miyar kuka ƙurmus saboda wasan kwaikwayo, kawunki bai bar ni na manta ba har ya rasu. Amma ta zamaninmu tana da kunya. Sai yamma take buɗewa, cikin dare a sa taken ƙasa a rufe, kowa ya kama gabansa. Taku ba ta rufewa, in an ɗauke wuta ma tana cikin waya a ƙarƙashin matashin kai. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa kome halal ne gare shi, amma ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Gwada kanki: in ana karatu a falo hankalinki yana kan wanda za a aura a kashi na gaba, kin san amsar.

Kuma gaya mini gaskiya, shafi nawa kika rubuta a watan nan? Kallo yana koya yadda ake yanke zance a inda ya yi daɗi, na yarda, amma ba ya riƙe wa mutum biro.

A gidanmu ƙa'idar ɗaya ce: in maigida ya ɗauko Littafin Waƙoƙi, kome aka riƙe a ajiye, ko muciya ce. Minti ashirin ne. Ki zauna, ki yi waƙa da murya, shirinki za a maimaita shi. Gobe da safe ki durƙusa ki gai da babanki ki ba shi haƙuri, kada ki kawo masa hujjar Natan, wannan tsakaninmu ce. Uwar Zumunta kuma ki gaishe ta ranar Lahadi kamar kullum.

Ki aiko mini da labarin nan na matar da ke sayar da awara, da manyan baƙaƙe, don idon ya fara gardama. Ki gai da mamanki da ƙannenki.