Tambaya da Amsa: Ƙyallin furotin ya dushe, ko DNA ce ta kama shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina binciken digiri na biyu a kan wani furotin da ake zaton yana kama DNA. Duk sanda na ƙara masa DNA sai in ga ƙyallinsa ya ragu a na'ura. Hakan ya isa in rubuta cewa sun haɗu? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki yi gaggawa. Gaskiya ne tiriftofan, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina furotin, in aka haska shi da haske mai tsawon zango nanomita 295, yakan yi ƙyalli, wato ya fitar da nasa hasken, tsakanin nanomita 330 da 350, kuma yakan dushe idan DNA ta manne kusa da shi. Sai dai ƙyalli kan ragu ko ba su haɗu ba.

Wadda za ki fara zargi ita ce DNA ɗin kanta. Ta fi shan haske a 260, amma ko a 295 tana ɗan sha, sai ta tare hasken kafin ya isa tsakiyar kwalbar awo, inda na'ura ke dubawa. Saboda haka bayan kowane ƙari ki auna shan haske a 295, kada ya wuce 0.1 a kwalba mai faɗin santimita 1. Ki kuma maimaita aikin daga farko da sinadarin NATA a madadin furotin. Shi tiriftofan ne da aka ɗan sauya, ba a jikin furotin yake ba, kuma ba ya kama DNA. Raguwar da kika gani da NATA ba ta haɗuwa ba ce, sai ki gyara sakamakonki da ita.

Akwai sirki kuma. Ƙarin maikrolita 2 sau 20 a kan mililita 2 ya tsinka furotin da kusan kashi 2 cikin 100. Kaɗan ne, amma a lissafa.

Kwalbar ta zama ta kwaz (quartz, mai barin wannan hasken ya ratsa), domin gilashi da roba na yau da kullum suna shanye irin wannan hasken. In wuta ta ɗauke ta dawo, ki ba fitilar na'urar minti 30 ta daidaita. Ki riƙa rufe ƙofar haske tsakanin awo, don yawan haskawa na lalata tiriftofan. Da hunturu kuwa, ƙurar Kaduna ba ta barin kowa: ƙwaya ɗaya a cikin kwalba ta isa ta sa lambar da na'ura ke nunawa tsalle, don haka a tace ruwan bafa, wato ruwan da ake narka furotin a ciki, da matatar maikromita 0.22, a rufe.

Daga ƙarshe ki ƙara gishirin NaCl, wato gishirin abinci, kaɗan-kaɗan har ƙarfinsa ya kai mola 1 a lita. Yawancin irin wannan kamun da cajin lantarki ake yin sa, gishiri kan raba su. In ƙyallin ya dawo, kin samu hujjar nuna wa malamin da ke duba aikinki.